Tirela a Ɗakin Baba

Mahaifina ya yi shekara talatin da wani abu yana tuƙa tirela tsakanin Kano da Kudu. Ciwon shanyewar ɓarin jiki a gida ya same shi, ba a hanya ba, wata safiya yana tsugune yana alwala. Ɓangaren hagu ya taɓa. Bayan 'yan watanni maganarsa ta dawo daidai, ƙafar kuma ta yarda ta kai shi ƙofar gida da sanda, amma hannun ya tsaya a rabi. Yana ɗagawa, ba ya riƙo.

Ni ce babbar 'yarsa, kuma nas ce a asibitin koyarwa. Lokacin ban yi aure ba, ina gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi, da ƙafa nake zuwa aiki. Saboda haka duk abin da ya shafi jinyarsa a kaina ya faɗo, ba tare da an zauna an yi shawara ba. Ni nake kai shi sashen gashin ƙashi, ni nake karɓo takardar motsa jikin da aka ce ya riƙa yi a gida. Ba ya yi. An ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ce shi ba jariri ba ne. Umma ta yi magana har ta gaji. Aikinsa kullum shi ne a fitar masa da kujera bakin ƙofa, inda ake jiyo ƙarar manyan motoci daga titin Zariya. Daga nan yakan faɗa wa duk wanda ya tsaya gaishe shi cewa wancan direban ya makara wajen sauke giya, ko wannan lodinsa ya yi wa motar yawa. Ba ya ganin motocin. Da kunne yake ganewa.

A sashen gashin na fara ganin wasan tuƙin tirela. Wani ɗalibi ne yake yi a kwamfutarsa lokacin hutu. Ba harbi, ba gudu. Mutum ne a cikin kan tirela, ga sitiyari ga madubai, ya ɗauki kaya daga wani gari zai kai wani gari. Na tsaya a bayansa na ɗan lokaci. Ya ce mini da maɓallai yake tuƙawa don ba shi da hali, amma akwai sitiyari na gaske da ake haɗawa, har da birki da totur. Na tambaye shi ko kowace kwamfuta tana ɗauka, ya yi dariya ya ce tasa ma da ƙyar take numfashi.

Ban san komai a kan kwamfuta ba in ban da cike bayanan marasa lafiya. Amma gidan da ke jikin namu akwai wata malama 'yar Filato da ke haya ita da mijinta. Kwamfuta take koyarwa a wata sakandare a Tarauni, kuma duk layinmu wajenta ake kai wadda ta lalace. Ta girme ni da kusan shekara goma. Ina ce mata Malama, ita kuma tana ce mini Sista. Ranar wata Asabar na shiga na same ta tana tsince shinkafa, na faɗa mata abin da nake so, na kuma faɗa mata abin da ke hannuna. Kuɗin da na daɗe ina tarawa ne don in sayi firji.

Ba ta ce abin ya yi kyau ba, ba ta kuma ce bai yi ba. Ta ture farantin gefe ta ce, "Sista, wannan kuɗin ba zai sayi sabuwa ba, ki cire wannan a ranki. Haɗawa za mu yi, ɗaya bayan ɗaya. Kuma duk abin da kika ƙara wa kuɗi, wani kika rage wa."

Ta yi mini bayani yadda take yi wa ɗalibanta. Akwai furosesa, wadda ke yin lissafin komai. Akwai ram, inda kwamfuta ke ajiye abin da take aiki da shi a lokacin. Akwai katin hoto, shi ke zana abin da ido ke gani, kuma shi ne mai cin kuɗi. Akwai fawa fak da ke raba musu wuta. Ta ce hanya mafi sauƙi ita ce mu sayi tsohuwar kwamfutar ofis, irin tokumbo ɗin nan na hannu da ake kawowa da yawa daga waje, tunda furosesarsu na da ƙarfi kuma ba su da tsada, sai mu ƙara mata ram mu sa mata kati. Abu ɗaya ta ce ba ta yarda a taɓa kuɗinsa ba, wato akwatin batir ɗin nan mai riƙe wuta na 'yan mintuna idan an ɗauke.

"Da wutar unguwar nan," in ji ta, "in babu shi, wata ɗaya ba za ta yi ba."

Mun yi Asabar uku muna zuwa kasuwa, wani lokaci kasuwar waya ta Tarauni, wani lokaci cikin gari wajen masu kwamfuta. Farashin da aka faɗa mana wannan makon ba shi za mu tarar a mako mai zuwa ba, kowa ya ce dala ce. Malama ba ta ciniki kamar yadda na saba gani. Ba ta roƙo, ba ta yin kamar za ta tafi. Sai ta ce a buɗe mata murfi, ta leƙa, ta shinshina, ta ce a kunna. Masu shago da suka fara yi mata kallon wadda ta raka wani, bayan tambaya biyu sai su jawo mata kujera. Kwamfutar da muka ɗauka baƙa ce, mai faɗi, da ragowar takardar wani ofishin ƙasar waje manne a gefenta. Ta zaɓi mai babban akwati da gangan, don ƙananan ba sa ɗaukar kowane kati. Allon kallo kuwa mun samu mai rahusa saboda yana da ƙarce a kusurwar sama, wurin da a wasan rufin mota ne kawai.

Sitiyarin ne ya ba mu wahala. Masu araha suna da yawa, masu kyan gani, ja da baƙi. Na ɗauki ɗaya na juya, bai kai rabin zagaye ba ya tsaya. Ko ni da ban taɓa tuƙi ba na san Baba ba zai kira wannan sitiyari ba. Wanda ke juyawa sau biyu da rabi, mai ɗan inji a ciki da ke ja da hannun mutum idan ya shiga kwana, sabonsa ya fi ƙarfin duk abin da na zo da shi. Sai a mako na uku wani mai shago ya kira Malama ya ce an kawo masa na hannu. Fatar ta ɗan goge, amma komai yana aiki, da abin takawa guda uku, kuloci da birki da totur. Shi kaɗai ya cinye kusan rabin kuɗin. Mai shagon ya ɗauko wani ɗan akwati daban mai sanda a kai ya ce wannan giyarsa ce, tare aka kawo su, amma kuɗinta daban.

A wannan shagon aka gwada mana kati biyu. Mai shagon mutum ne mai haƙuri, ya sa ƙaramin ya kunna wasan, ya cire ya sa babban. Da ƙaramin, mota na tafiya lafiya, sai dai bishiyoyi kamar an yanko su da almakashi, madubin gefe kuma dishi-dishi. Da babban, aka yi ruwan sama a cikin wasan, na ga ɗigon ruwa yana gangarowa a gilashi, fitilun motoci suna sheƙi a kan kwalta. Babban yana buƙatar a canza fawa fak, wato wani kuɗin kuma. Abin da ya rage a hannuna zai sayi babban kati da fawa fak ɗinsa, ko kuma ƙaramin kati da giya. Ba zai sayi duka ba.

Malama ta ce, "Ni dai ƙaramin ya isa. Wasan nan furosesa ya fi ci, ba kati ba."

Na ce mata giyar ba ta da amfani a wajenmu. Wasan yana da tsarin da mota ke canza giya da kanta. Baba hannu ɗaya gare shi mai aiki, kuma hannun nan sitiyari zai riƙe. In ya saki don ya kama giya, wa zai riƙe motar? Ƙafar kulocin ma ita ce mai ciwon. Na faɗi wannan da muryar da nake yi wa 'yan uwan marasa lafiya bayani, kuma a lissafin jinya ban yi kuskure ba.

"Kin tambaye shi?" ta ce.

Na ce so nake ya gani kawai.

Ta ce, "To, babanki ne," ta juya ta ce wa mai shago ya naɗe babban.

Ranar Lahadi bayan Malama ta dawo daga coci muka haɗa, a ɗakin Baba. Teburin cin abincin da ba a amfani da shi muka jawo, saboda sitiyarin yana son katako mai kauri da za a ɗaure shi a jiki. Baba yana zaune a bakin gado yana kallonmu. Malama ta gaishe shi, ya amsa, ya tambayi maigidanta. Bai tambayi abin da muke yi ba, amma da aka fito da sitiyarin daga kwali idonsa bai sake barin kansa ba. Da komai ya kama, Malama ta zaɓo mota, ta tsayar da ita a bakin wani babban titi, ta tashi daga kujerar.

"Baba, bisimilla," in ji ta.

Na taimaka masa ya zauna. Ya ɗora hannun dama a kan sitiyarin ya juya shi hagu da dama, yana jin nauyinsa. Ya duba madubin hagu a allon, ya duba na dama. Ya laluba abin takawa da ƙafa. Sannan ya saki sitiyarin ya kai hannu gefen damansa, ƙasa kaɗan, inda babu komai sai iska. Ya sake lalubawa. Ya sunkuya ya duba.

"Ina giyar?"

Na ce, "Baba, da kanta take canzawa. Totur kawai za ka taka."

Ya kalli allon. An fara yayyafi a ciki, abin share gilashi yana kaiwa da komowa.

"To ai ba ta buƙatata," ya ce. Ya nemi sandarsa, ya yi wa Malama godiya sosai, ya ce Allah ya yi albarka, ya fita bakin ƙofa.

Malama ta kashe kwamfutar yadda ya kamata, ta nuna mini inda ake kashe batir, ta tafi gida. Umma ta samo wani tsohon zane ta rufe kayan. Haka suka zauna kwana tara. Ina shiga ɗakin da safe in auna masa jini, in fita, ba wanda ya tayar da zancen. Na ji haushi a kwanakin farko, na firjin da na fasa da kuma na Asabar ukun da na kashe. Daga baya haushin ya ragu, na fara tunanin yadda za a yi da kayan.

A rana ta goma na shiga wajen Malama bayan na taso aiki. Kafin in gama magana ta ce ta riga ta kira mai shagon tun a makon da ya wuce, giyar tana nan, ta ce ya ajiye. Muka cire babban katin da fawa fak ɗinsa muka mayar. Bai karɓa a kuɗin da ya sayar ba, kuma ban ga laifinsa ba, kaya sun fita sun dawo. Abin da ya ba mu ya isa ƙaramin kati da giya da kuɗin adaidaita sahu zuwa gida. Muka mayar da tsohon fawa fak ɗin da kwamfutar ta zo da shi. Malama ta rage duk wani abin ƙawa a cikin wasan, inuwa da sheƙin ruwa da ciyawar gefen hanya, har tafiyar ta daina sarƙewa.

Baba da kansa ya faɗi inda za a ɗaura giyar. Ya ce teburin ya yi tsayi, giya ba ta zama daidai da sitiyari. Aka kawo wani ɗan benci aka ɗaure ta a kai, aka matsa gaba, aka matsa baya, sai da ya ce ya isa. Ya shiga da ita gida-gida, ya ƙirga.

"Shida? Wannan ai ta ƙaramar mota ce."

Malama ta ce akwai dabara. Ta saita wani maɓalli a jikin sitiyarin, in an danna, shidan nan su koma manyan giya. Ya ce haka ne, haka take a mota ma, sai dai a jikin sandar abin yake. Kuloci kuwa ta bar wa kwamfuta ta riƙa takawa, shi ya riƙa sa giya kawai. Ya yarda da wannan, ya ce na wucin gadi ne.

Abin da na faɗa a shago shi ya faru. Ya tashi motar a giya ta biyu, ta fara tafiya, ya saki sitiyari don ya sa ta uku, motar ta karkata ta goge ƙarfen gefen titi. Ya sake, ta sake. A karo na huɗu ya tsaya, ya kalli hannun hagunsa da ke kwance a cinyarsa, ya ce mini, "Ɗora mini shi."

Na ɗaga hannun na ɗora a saman sitiyarin. Yatsun ba su kama ba, amma nauyin hannun ya hana sitiyarin juyawa na ɗan lokacin da yake buƙata. Ya sa ta uku. Hannun ya zame ya faɗo. Ya ce in mayar. Ranar na mayar da hannun nan ya fi sau ashirin kafin a ɗauke wuta, batir ya fara ƙara, Malama ta ce a kashe.

Bayan haka abin ya zama na kullum, in akwai wuta. Yakan fara da hantsi. Ba ya son a zaɓa masa gajeriyar tafiya. Bai taɓa yin magana a kan bishiyoyin ba, ko madubin da ke dishi-dishi, ban ma tabbata ya lura an canza kati ba. Ƙorafinsa daban ne. Ya ce titin ya cika kyau, mutum zai yi barci. Ya ce babu wanda ya taɓa tsayar da shi ya tambayi takardu. Ya ce duk wanda ya yi wasan nan ya san mota, amma bai taɓa ɗaukar lodin da ya fi ƙarfinta ba. Akwai wurin da ake ajiye kaya a ƙarshen kowace tafiya, inda sai an yi baya da tirelar an shigar da ita tsakanin layi biyu. Ni da Malama mun gwada mun kasa, bodin yana naɗewa gefe kullum. Shi ya shigar da ita a karon farko, da madubi kawai, yana yi yana ba Umma amsar wata tambaya a kan cefane.

In an kira azahar ba ya danna maɓallin tsayar da wasa, duk da na nuna masa sau da yawa. Sai ya sa sigina, ya nemi wuri mai faɗi, ya sauka daga titi, ya ja birkin hannu, ya kashe inji, sannan ya nemi sandarsa. Wani lokaci neman wurin yakan ɗauke shi minti goma.

Ba zan ce wasan ya warkar da shi ba. Na yi aikin asibiti da yawa, na san hannu yakan dawo da kansa wani lokaci, wani lokaci kuma ba ya dawowa ko me aka yi. Abin da na gani shi ne, bayan wata huɗu ya daina kirana in ɗora masa hannun, da kansa yake kai shi. Bayan wata bakwai yatsu uku suna lanƙwasawa a jikin sitiyarin. A nan ya tsaya, bai ƙara ba har yau. Kulocin ya gwada na mako biyu, ƙafar ba ta da saurin da ake so, ya ce a mayar wa kwamfuta abinta. A sashen gashi sun rubuta cewa an samu ci gaba, suka tambaye ni ko yana yin abin da ke takarda. Na ce yana yin wani abu.

Shekara guda bayan haka aka yi wa mijin Malama canjin wurin aiki, suka koma Jos. Kafin ta tafi ta zaunar da ni ta koya mini yadda ake buɗe akwatin, da yadda ake zare ram a goge a mayar in kwamfutar ta ƙi tashi. Sau biyu na yi hakan, duka biyun ta tashi. Mukan yi waya jefi-jefi, takan tambayi jikin Baba, sannan ta tambayi batir.

Wata ranar Alhamis na dawo daga aikin safe na jiyo muryar Baba tun daga tsakar gida, yana faɗa. Na ɗauka wani abu ne ya lalace. Da na leƙa, Umma ce a kan kujerar, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta riƙe sitiyarin da hannu biyu kamar za a ƙwace mata. Umma ko keke ba ta taɓa hawa ba. Shi kuma yana tsaye a bayanta da sanda.

"Madubi! Na ce ki duba madubi kafin ki fita! In da mutum a nan fa?"

"Malam, ba kowa a nan."

"Ke kika sani?"

Ta sa giya ba daidai ba, motar ta yi ƙara ta mutu a tsakiyar titi, motocin baya suka taru suna oda. Ta tashi ta ce ita ba za ta iya da masifarsa ba, tuwonta na kan wuta. Ya zauna ya gyara motar, ya fitar da ita gefe, yana ƙunƙuni.

Ranar Lahadi na sake samunta a kujerar. Ta kai giya ta huɗu, tana tafiya a hankali a layin dama, shi yana zaune a bakin gado ya jingina haɓa a kan sandarsa. Na tsaya kaɗan a bakin ƙofa, na ga ba wanda ya kula da ni, na wuce ɗakina na cire takalmi.